Gahawa ta Uku

Sau biyu Baba Refik yana hawo tudun unguwarsu Teuta da sandarsa don nema wa ɗansa Petrit aurenta, sau biyun kuma aka ba shi gahawa babu sukari.

Mu nan Pogradec, garinmu na bakin tafki, ba ma ce wa dattijo a'a da baki. A zaunar da shi, a tambayi lafiyar gwiwarsa, a kawo masa finjali. In ya kurɓa ya ji zaƙi, an ba shi. In ya ji ɗaci, sai ya shanye abinsa har ƙasa, ya yi godiya, ya nemi hularsa. Kuma tun da nake ban taɓa jin dattijon da ya koma gida ɗaya karo na huɗu ba.

Yau ne na ukun. Tun jiya ya aiko cewa yana tafe da la'asar.

Ba don Petrit yana da wani aibu ba ne, wallahi yaron nan ko maƙiyinsa ba zai kushe shi ba. Takarda ce ta shiga tsakani. Bayan rasuwar mahaifin Teuta, yayyenta biyu da ke birnin Boston can ƙasar waje, Sokol da Lindita, suka ɗauke mahaifiyarsu Mama Drita. Tana samun izinin zama ta cike wa autarta takardar biyo ta, Lindita da mijinta suka sa hannu a kan su za su ɗauki nauyinta. Sharaɗi ɗaya ne tak a takardar: 'ya ce marar aure. Ranar da aka ɗaura, ranar takarda ta mutu.

Shekara takwas ana jira. Teuta ta shiga layin tana da ashirin da shida, ga ta yau da talatin da huɗu, kullum daga kantin maganin da take aiki sai gida. Sai makon jiya amsa ta zo, daidai lokacin da mutanen Boston suka zo hutun watan Agusta: ana nemanta ofishin jakadancin ƙasar can da ke Tirana, babban birninmu, nan da kwana goma sha tara.

Da hantsi Lindita na murza ƙullun burek, wainar nan tamu mai ganye a ciki, a kicin, bakinta bai huta ba.

"Ni dai na rasa abin da ke damun tsohon nan," ta ce. "Ya ji takarda ta fito, shi ne zai wani jawo ƙafa ya zo? Ko so yake ya ga bayanmu?"

"Yaya, ba shi da lafiya," in ji Teuta a hankali. "So yake ya ga ɗansa da iyali kafin..."

"Mu kuma uwarmu ƙarfe ce? Dube ta fa! Likita ya ce da wuya ta sake hawa jirgi bayan wannan zuwan. Kullum tana bakin taga tana duban mai kawo wasiƙa. Ke kina nan kina kallon tafki da mai warin kifi."

"Injin jirgin ruwa yake gyarawa."

"To mai warin man inji. Na gyara."

Mama Drita tana zaune a gefe tana tsinke ganyen albasa. Mace ce 'yar ƙarama mai ciwon sukari, wadda in ta yi shiru sai 'ya'yanta su fi jin tsoro. Tun ranar da suka sauka Lindita ta ɓoye gwangwanin sukarin gidan, don ta san halin kayanta.

"Ga Kastriot," Lindita ta ci gaba. "Abokin mijina ne, shagunan abinci biyu gare shi a can, bai taɓa aure ba. Jiya ma ya tambaye ni ke. In kin sauka lafiya sai a yi magana, kowa ya huta."

"Wanda ya zo gaisuwa ya yi awa guda yana ba mu labarin motarsa?"

"Ai gara mai labarin mota da mai labarin uba. Petrit ɗinki zai bi ki ne? Faɗa mini, zai bi ki?"

Teuta ta sunkuyar da kai. Nan ne wurin da yake mata ciwo, kuma Lindita ta sani. Petrit shi ne autan maza, wanda muke kira ɗan tsufa. Yayye su watse duniya, shi nasa rabon ya zauna da iyaye har ya rufe musu ido. Muddin Baba Refik yana numfashi, Petrit ba zai ƙetare ko dutsen bayan gari ba. Ita kuma in ta tafi dole ta zauna can, in ba haka ba izinin ya ɓaci.

Ta cire ƙyallen gabanta ta rataye. "Bari in je in dawo."

"Ki gaishe shi," in ji Lindita. "Ki ce gahawar gidanmu ba ta canza ba."

Ta sami Petrit a bakin tafki, ya kifa wani kwale-kwale yana kankare cikinsa. Yana hango ta ya ajiye ƙarfen, ya goge hannu a wando. Ya rame. Ko murmushin nan nasa na gefen baki babu.

"Na roƙi Baba kada ya zo," ya ce, ko gaisuwa ba su gama ba. "Wallahi har kuka na yi masa. Ya ce shi ya yi wa mahaifiyata alkawari a gadon asibiti, sai ya cika uku. Tun asuba yake goge takalmi."

"Petrit..."

"Tsaya in gama, in na tsaya ba zan iya ba. Ki tafi, Teuta. Ki je wurin Mama."

"Haka kawai? Shekara bakwai, sai ka ce in tafi?"

"Shekara bakwai ni na zaɓi in jira, ba wanda ya ɗaure ni. Ita kuwa uwa ce. Ni da nake wanke ƙafar ubana kullum, da wane baki zan ce ki bar taki?"

Hawayen da take riƙewa tun safe suka ɓalle. Ta zauna a kan kwale-kwalen, ta rufe fuska da tafukanta.

"Da ma ka yi mini faɗa," ta ce cikin kuka. "Da ma ka ce ni maciyar amana ce, in samu abin da zan yi fushi da kai in tafi da shi. Me ya sa kullum sai ka fi ni gaskiya? Na gaji, Petrit! Ƙawayena 'ya'yansu sun shiga makaranta. Ni kullum sai a ce bana, sai a ce baɗi. Na tsani takardar nan, kuma in na tuna hannun Mama yana rawa ta cike ta, sai in ji kunyar kaina."

Ya durƙusa a gabanta, idonsa ya kaɗa ya yi ja.

"Abu ɗaya nake roƙo. In za a ba Baba mai ɗaci, ke ki dafa. Hannunki yana da sauƙi. Wancan karon wadda aka ba shi kwana biyu tana masa ƙwannafi."

Ta yi dariya tana kuka. Kai, Petrit! Ana maganar rabuwa shi yana ta cikin ubansa. Irin wannan halin ne ya sa ta kasa kallon kowa tsawon shekarun nan, kuma shi ne yau zai raba su.

"Zan dafa," ta ce.

Da ta koma gida ta tarar da Yaya Sokol a tsakar gida ƙarƙashin inabi, yana shan taba. Dogo ne mai faɗin kafaɗa, shekara ashirin yana aikin rufin gidaje a can, sanyi ya cinye masa gwiwoyi. Shi ne ya fi kowa tsanani a maganar nan. Zuwan Baba Refik na biyu ma shi ya bugo wa dangi waya ya ce kada a kuskura a zuba sukari.

"Daga ina?" ya ce, ya sha kunu.

"Daga sallama, Yaya. Hankalinka ya kwanta. Zan je Tirana, zan ɗaga hannu in rantse ba ni da miji, kuma gaskiya zan faɗa."

"Don amfaninki ne."

"Na sani. Kun yi mini abin da ba kowane dangi ke yi ba, ban manta ba. Shekara shida na yi ina jinyar Baba ban taɓa kai ƙara wurin kowa ba. Wannan ma zan iya."

Ba da nufin gori ta faɗa ba, Allah ya sani. Amma ta ga maganar ta sauka inda ba ta nufa ba. Sokol shi kaɗai ne namiji a gidan, shi ya kamata ya zama ɗan tsufa, sai hanya ta buɗe masa ya tafi. Ranar jana'iza ma sai da aka dawo daga maƙabarta ya iso. Ya murƙushe tabar da ƙafa.

La'asar na yi duk suka taru a kicin. Teuta ta jera finjalai a faranti, ta auna ruwa a 'yar tukunyar gahawa mai dogon hannu, ta ɗora a wuta. Ta zuba garin gahawar.

"Ga su can," in ji Lindita daga taga.

Sokol ya matso ya leƙa. Teuta ma ba ta san lokacin da ta tsaya a bayansa ba.

Can ƙasan tudu Baba Refik yake hawowa, cikin kwat ɗinsa na zuwa biki da ya yi masa yawa. Taku uku ya tsaya ya huta. Petrit na riƙe da damtsensa. Da suka zo daidai famfon unguwa igiyar takalmin tsohon ta kwance. Petrit ya durƙusa a kan duwatsun hanya ya ɗaure masa, ya gyara masa ƙafar wando, tsohon ya dafa kansa don kada ya faɗi. Daga nan ya kawo shi har ƙofar gida, ya gyara masa hula, shi kuma ya koma ya jingina da katanga a waje, tunda mai nema ba ya shiga.

Lindita ta je ta shigar da baƙo falo ta dawo. Sokol yana nan a taga bai motsa ba.

"Yaya, kai ne namiji, je ka zauna da shi mana," ta ce.

"Sauke tukunyar nan, Teuta," ya ce.

"Ta kusa tafasa."

"Na ce ki sauke."

Ya zaro walat ɗinsa, ya fito da wata takarda da aka ninke sau huɗu, ta tsufa har bakin ninkin ya fara yagewa. Ya shimfiɗa ta a teburi kusa da wasiƙar Tirana. Teuta ta ga sunanta a jiki da ranar haihuwarta.

"Mene ne wannan?" in ji Lindita.

"Tawa ce. Mako guda bayan mun binne Baba na cike mata, a matsayin ƙanwata. Shekara tara ke nan tana layi."

"To ai ta Mama ta riga ta fito, me za a yi da..."

"Tawa ba ruwanta da aure." Ya dafa takardar da yatsa. "Lauya ya tabbatar mini tun a lokacin. Ko ta yi aure tana nan da ranta, kuma in ta fito har mijin da 'ya'yan za su shigo tare. Sai dai layin 'yan'uwa ya fi tsawo. Saura kamar shekara biyar."

Teuta ta jawo takardar ta duba kwanan watan da ke jiki.

"Shekara tara?" Teuta ta ce. "Yaya, kana da wannan a aljihu aka ba tsohon nan gahawa mai ɗaci har sau biyu?"

"Ina da ita."

"Kana ji ina kuka a waya?"

"Ina ji." Hawaye ya gangaro masa, bai share ba. "Na san in kin sani za ki yi aure ki zauna. Ni kuma ni nake kai Mama asibiti, ni nake jin abin da likita yake faɗa. Na ce in dai na kasa yi wa Baba komai, bari in kai wa Mama 'yarta ta gani a ɗakinta. Na ɗauka gyara nake yi. Yanzu na ga yaron can ya durƙusa yana ɗaure wa ubansa takalmi. Ni ban taɓa ɗaure wa nawa ba, ke kika yi. Ki yafe mini, ƙanwata. Sau biyu ke nan ina ɗora miki kayana."

Lindita ta zauna daɓas a kan kujera. "Shekara biyar, Sokol! Ka san abin da kake faɗa kuwa? Mama tana da saba'in da ɗaya. Ka tona wannan yanzu, saura kwana goma sha tara?" Sai ita ma ta fashe da kuka. "Ni na gyara wa Teuta ɗaki fa. Har labule na saya, mai ruwan tafki, don kada ta yi kewa."

Teuta ta dubi takardun biyu. Ɗaya ta uwa, da sa hannun Yaya Lindita a ƙasa, ɗaya ta Yaya Sokol. Mutum uku sun kwashe shekaru kowa yana jan ta da iyakar ƙarfinsa, kuma duk don so. Fushin da ya taso mata ya rasa wurin zama. Ta juya ta dubi mahaifiyarta, ta ga yadda zoben aurenta yake yawo a yatsa saboda rama.

Ta mayar da tukunyar kan wuta.

"Ba abin da ya canza," ta ce, tana share fuska da bayan hannu. "Na gode, Yaya, har raina. Amma ba zan sa Mama jiran shekara biyar ba. Zan tafi."

Sai a lokacin Mama Drita ta miƙe.

"Kun gama?" ta ce. "Kowa ya yi kukansa? To matsa mini daga gaban wuta."

"Mama, na yi wa Petrit alkawari ni zan dafa."

"Gidan ubanki ne ko gidan mijina? Matsa. Ku fita duka, kun bar dattijo shi kaɗai da agogon bango. Ke Teuta, je ki wanke fuskar nan, ke za ki kai faranti."

Ba mai musu da Mama Drita in ta yi wannan muryar. Suka fita sumui-sumui.

Da Teuta ta shiga falo da faranti, Baba Refik yana zaune a bakin kujera, hularsa a gwiwa, ya riga ya faɗi abin da ya kawo shi. Sokol na gefe kansa a ƙasa. Mama ta shigo a bayanta ta zauna, fuskarta ba a karanta komai. Teuta ta miƙa wa tsohon finjalinsa, ta ba sauran, ta koma bakin ƙofa ta tsaya da farantin a ƙirji. Ba ta iya kallonsa ba. Ta taga tana hango kafaɗar Petrit a jikin katanga.

Baba Refik ya ɗaga finjalin da hannu biyu, irin ɗagawar wanda ya san abin da zai tarar. Ya kurɓa.

Ya tsaya. Ya dubi cikin finjalin, ya sake kurɓa, ya juya ta a baki.

"Maman Sokol," ya ce a hankali, "ni tsoho ne, harshena ya fara yi mini ƙarya. Ko an yi kuskure a kicin? In kuskure ne ba komai, ban ji ba, ba kuma zan faɗa wa kowa ba."

"Ni na zuba da hannuna, Refik," in ji Mama Drita. "Cokali uku. Ɗaya na yau, biyu na hawan tudun da muka sa ka a banza."

Farantin ya suɓuce daga hannun Teuta ya faɗi ƙasa da ƙara.

"Mama!" in ji Lindita. "A ina ma kika samu sukarin?"

"A cikin injin wanki, inda kika ɓoye. Ni na haife ki fa." Ta ɗauki nata finjalin ta kai baki.

"Kada dai naki ma da shi! Likita ya ce..."

"Likita yana Boston. Yau kam ki bar ni."

Baba Refik ya ajiye finjalin, ya rufe fuska da hularsa, kafaɗunsa suna rawa. Sokol ya tashi ya fita da sauri, suka ji ya buɗe ƙofar gida yana cewa, "Kai mai warin inji, shigo mana, ko sai an aiko maka da takarda kai ma?"

Teuta ta zube a gaban mahaifiyarta, ta kifa kai a cinyarta tana kuka kamar ranta zai fita.

"Mama, takardarki fa? Shekara takwas kina jira. Kin kashe ta, Mama."

"Tawa ce, ni na cike ta, ni na ga damar kashe ta. Ta yayanki tana nan." Ta sa hannu tana shafa mata kai. "Na ɗauka 'yata nake jira a taga, ashe ke ma a taga na bar ki."

"In kuma shekara biyar ɗin..." Teuta ta kasa ƙarasawa.

Mama Drita ta ɗago mata haɓa, ta share mata hawaye da babban yatsa. A waje ana jin takun Petrit yana hawo matakala da gudu. Ta rage murya yadda Teuta kaɗai za ta ji.

"Ke kin iya takwas saboda ni. Bari mu ga ko ni zan iya biyar."